Uwar Shayarwa a Takardar Tantancewa

Shekara huɗu Hambali ya yi a Kuala Lumpur yana nazarin harshen da babu wanda ya taɓa jin sunansa a gidansu. Kafin korona, in 'yan Najeriya suka haɗu cin shinkafa a titin Jalan Masjid India bayan sallar Juma'a, wannan yana karatun injiniya, wancan yana kan bankin Musulunci, sai a juyo kansa a ce, "Dakta, har yanzu kana nan kan Maltina?" A bushe da dariya. Shi kuma, da yake malami ne har ƙashi, ba ya gane tsokana ce. Sai ya ajiye cokali ya shiga bayani.

Malta, in ji shi, wani ɗan tsibiri ne a teku tsakanin Libiya da Italiya. Mutanensa Kiristoci ne, rubutunsu na boko, amma tushen harshensu Larabci ne. Ubangiji Alla suke ce masa, azuminsu sunansa Randan, in kuwa suna ƙirge sai ka rantse a kasuwar Tarabulus kake. Kafin ya kai ƙarshe an cinye masa nama.

Don wannan karatun ne ya kama gida a unguwar Cheras, hawa na goma sha huɗu, ƙofa da ƙofa da wani Balarabe ɗan Libiya mai suna Adnan, wanda shi ma karatu ya kawo shi. Hambali yana buƙatar mai Larabcin Libiya na gida da titi, don ya riƙa gwada shi da na Malta. Adnan kuwa yana buƙatar wanda zai saurare shi, domin mutum ne mai surutu. Matansu, Hureira da Khaulah, ba su da yare ɗaya, amma sun iya musayar kwano da nuni da hannu, kuma hakan ya ishe su.

Abin da ke hana Hambali sakewa shi ne, karatun ya zo ƙarshe. Tallafin gwamnatin jiha ya ƙare, bizarsu za ta mutu a watan Nuwamba, a gida kuma babu kujerar da ke jiran sa. Ya rubuta wa jami'o'i ba adadi, ko mai cewa mun gani babu. Wa zai ɗauki dakta a kan harshen Malta?

Sai ga wani aiki ya ɓullo kamar an ɗinka masa. Wani ofishin tsaro ne na haɗin gwiwa tsakanin wasu ƙasashen Afirka da na Turai, mai sa ido kan masu safarar makamai da mutane daga sahara zuwa teku. Suna neman wanda zai riƙa sauraren maganganun da aka naɗa da Larabci yana fassarawa. Hambali ya rubuta jarrabawarsu ta kwamfuta har kashi uku, ya zo na ɗaya. Abu ɗaya ya rage, tantancewar tsaro, wato a bincike shi ciki da bai kafin a ba shi amanar sirri.

Ana cikin jiran takardun ne korona ta shigo gidan.

Watan Yuli ne na shekarar 2021, lokacin da gari ke kulle, motocin asibiti suna ta jiniya, fararen tsummokara na rataye a tagogin waɗanda abinci ya yanke wa. Hureira ta tashi da zazzaɓi, kwana uku numfashi ya fara gagarar ta. Wasu mutane cikin fararen riguna har ka suka zo suka tafi da ita. Aka gwada Hambali da jaririyarsu Hadiyya, mai wata uku, aka ce ba su ɗauka ba, amma aka ɗaura masa abin hannu na killacewa aka ce kada ya kuskura ya fita.

Mutumin da ya iya bambance lafazin Tunis da na Tarabulus ya rasa yadda zai yi da jaririya mai jin yunwa. Ya dama madarar gwangwani, ta sha, ta amayar. Ya sa aka kawo wata iri, ta amayar. Ya kira likita ta waya aka ce ya ci gaba da gwadawa. Kwana biyu tana tsala kuka, a na uku sai kukan ya koma wani ɗan siririn sauti, kuma wannan ya fi tsorata shi. Ya zauna a ƙasa da ita a cinya, shi ma ya yi kukansa, ba kunya.

Da hantsi aka ƙwanƙwasa. Adnan ne da takunkumi biyu a fuska, Khaulah a bayansa.

"Ya Abu Hadiyya, miƙo ta," in ji Adnan da Larabci. "Bango ba kauri. Matata ba ta iya cin abinci tun jiya saboda kukan nan."

"Doka ta hana. In da cutar a jikinmu fa? Kuna da jariri."

Khaulah ba ta jira mijinta ya amsa ba. Ta miƙo hannu biyu ta saman kafaɗarsa. Ɗanta Rayyan yana da wata biyar a lokacin, kuma ta san sarai abin da take sakawa a haɗari.

Kwana goma sha tara Hureira ta yi a asibiti, tun daga wannan ranar kuma har ta fito Hadiyya tana shan nono ɗaya da Rayyan. Da Hureira ta dawo, ta rame, ba ta iya zuwa kicin sai ta huta a hanya, ruwan nononta kuma ya ja baya, don haka kowace la'asar ana kai Hadiyya maƙwabta ta ƙoshi. Likita ya ce huhun ya taɓu, zai daɗe yana son kulawa. Aikin ofishin tsaron nan kuwa yana tare da kuɗin asibiti ga iyali. Daga ranar Hambali ya daina ganin sa a matsayin abin so, ya koma abin da ba makawa.

Shi da Adnan suka yi abin da ya kamata. Suka rubuta a takarda, da kwanan wata, cewa Khaulah ta shayar da Hadiyya, don haka uwarta ce, Adnan ubanta ne, Rayyan ɗan'uwanta ne, babu aure tsakaninsu har abada. Kowa ya sa hannu, kowa ya ajiye kofi ɗaya.

A watan Satumba fom ɗin tantancewa ya iso, shafi talatin da takwas. To, malami in ka ba shi takarda mai gurbi, sai ya cika ta har baki. Ya rubuta duk gidan da ya taɓa zama, duk makarantar da ya taka, har islamiyyar unguwarsu. Da ya zo shafin dangi na kusa sai ya ga an ce a rubuta iyaye, da mata, da 'ya'ya, da duk wanda ke da matsayin uwa ko uba ga 'ya'yanka. A ƙasa an ja layi, an ce ɓoye dangi laifi ne.

Kowane Bature ya san abin da ake nufi, matar uba ko mai riƙo. Hambali bai ko tsaya tunani ba. Ya ɗaga murya ya tambayi Hureira, wadda ke kwance a ɗaki.

"Ya sunan mahaifin Khaulah ma?"

"Me za ka yi da shi, Malam?"

"Sun ce a rubuta iyayen Hadiyya."

"Allah sarki. Kyakkyawan abu ne kuwa. Rubuta ta da manyan baƙi."

Ya rubuta ta, ya rubuta Adnan, ya rubuta Rayyan. Aka nemi garin haihuwa, ya je ya tambayo, ya sa Sabha, can kudancin Libiya a bakin sahara. Aka nemi sana'ar 'yan'uwanta, ya sa direbobin manyan motoci. Ya aika yana jin daɗin bai bar gurbi ko ɗaya ba.

Mako biyar shiru. Sannan aka aiko cewa jami'in tantancewa zai gana da shi ta bidiyo ranar Talata, ƙarfe biyar na yamma agogon Malesiya.

Ya sa babbar riga da hula, ya jera littattafai a bayansa. Hureira ta sa aka kai Hadiyya wurin Khaulah da wuri don kada kuka ya shiga, ita kuma ta kwanta ta bar ƙofar ɗaki a buɗe. Hadari ya haɗu a waje kamar yadda ya saba yi kowace yamma.

Wanda ya bayyana a kwamfutar dattijo ne mai furfura a gemu, sunansa Ashafa. Jami'in Najeriya ne da aka tura ofishin. Da Hambali ya ji Hausa sai ransa ya yi sanyi.

"Malam Hambali, ya iyali? Ya jikin maiɗakin?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe."

"Allah ya ƙara afuwa. Ka ga jan ɗigon nan a sama? Duk abin da muka faɗa on record yake, ana naɗa. Ka gane?"

"Na gane, yallaɓai."

Ashafa ya cire tabarau ya murza ido. Da gani ba yau ya fara irin wannan zama ba, kuma ba ya son sa.

"Shafi na goma sha ɗaya. Wace ce Khaulah?"

Hambali ya gyara zama ya ba da labari tun daga zazzaɓin Hureira har zuwa takardar da suka sa wa hannu. Har ya ɗauko ta ya nuna wa kyamara. Dattijon ya saurara bai katse shi ba.

"Ni na gane," in ji Ashafa. "Ni ma ina da ɗan'uwan shan nono a Gusau, ya fi wasu 'yan ɗakinmu kusa da ni. Amma Dakta, me ya kai ka? Akwai shafin maƙwabta da abokai. Da can ka sa su, tambaya biyu zan yi maka mu wuce. Maƙwabci ba a bin asalinsa. Dangi na kusa kuwa sai an bi kowa har gidan ubansa, a samo takardarsa daga hukumar ƙasarsu. Wa zan aika Sabha? Wace hukuma zan rubuta wa? Ga 'yan'uwanta direbobin sahara. Ka san kuwa maganar su wa za mu ba ka ka saurara?"

Hambali ya ajiye takardar.

"Yallaɓai, mutanen kirki ne. Wallahi ba su san komai ba."

"Ban ce sun sani ba. Mu ba ma rubuta mutumin kirki ko na banza. An tabbatar, ko ba a iya tabbatarwa ba, shi ke nan gurbin da nake da shi."

"Amma ni na zo na ɗaya."

"Ka zo na ɗaya da nisa. Shi ne ciwon." Ashafa ya yi tsaki, ba da Hambali yake ba. "Shekara biyu muna wannan abu. Larabcin da muke so na tasha ne, na direbobi, ba na littafi ba. Wanda ya iya shi, dole ya zauna da masu shi, ya ci da su, ya yi aure a cikinsu ko ya yi jinya a hannunsu. Wanda ya zauna da su kuwa ba ya wuce tebur ɗina. So yanzu manya sun koma ɗaukar 'yan Malta."

"'Yan Malta?"

"Su fa. A ba yaro wata shida na horo, kunnensa ya riga ya saba da rabin kalmomin tun a gida. Kakanninsa duk suna cikin littafin coci, kwana uku an gama bincike. Maƙalar nan taka da ka haɗo da takardunka, wadda ka auna yawan Larabcin Libiya da ɗan Malta ke ganewa, an raba ta a taro. Sun yaba ƙwarai."

Ruwa ya kece a waje. Hambali ya tuna watannin da ya yi yana kunna wa 'yan Malta muryar Adnan ta intanet yana ƙirga abin da suka kama. Ya ji kamar ya yi dariya.

"Ranka ya daɗe, ni na auna da kaina. Ko rabi ba sa ji. In direba ya yi habaici ko ya sakaya magana, ba za su gane ba. Za a rasa rayuka."

"Na sani. Ɗan abin da suka ji, ofis ya yarda da shi. Kai da kake jin duka, ba a ba ni hanyar yarda da kai ba."

Daga ɗaki tarin Hureira ya taso, irin mai tsawon nan da ke ƙarewa da shaƙa. Hambali ya saurare shi har ya lafa. Ya tuna Nuwamba, ya tuna layin asibitin gida, ya ga kansa yana yawo da digiri a leda. Tsoro ne ya kama shi, tsoro tsagwaronsa, kuma shi ya yi magana da bakinsa.

"Yallaɓai, a goge."

"A goge me?"

"Sunanta. Kuskure na yi. Ba danginmu ba ne. Maƙwabta ne kawai, haya ta haɗa mu." Ya ji muryarsa tana ƙara ƙarfi, ya kasa tsayar da ita, har ya koma Turanci don waɗanda za su saurari naɗin su ji da kyau. Ya ce matar ba komai ba ce gare su. Ya ce taimako ne na 'yan kwanaki irin wanda kowa zai yi, ya wuce. Ya ce in an ɗauke shi ko lambar wayarsu ba zai riƙe ba, 'yarsa ma ba za ta tashi ta san da su ba. Ya ce a kawo takarda ya sa hannu.

Ashafa ya yi ta ɗaga masa hannu tun daga jimla ta biyu, bai gani ba. Da ya gama, dattijon ya kalle shi, da tausayi ƙarara a fuskarsa.

"Haba, Dakta. Ai na nuna maka jan ɗigon."

"Yallaɓai..."

"Fom ba a goge shi. Da ka tsaya kan maganarka, da na rubuta cewa mutum ne mai gaskiya wanda ba a iya tabbatar da danginsa ba. In wani gurbi ya fito da ba ya buƙatar sirri, sai in tura sunanka. Yanzu ina da magana biyu. A rubuce ka ce uwar 'yarka ce, har ka nuna mini shaida. A baki ka ce ba komai ba ce, minti goma tsakani. Dole in rubuta cewa ka sauya bayani da aka matsa ka. Wannan kuwa shi ne abin da aikin nan ya fi tsoro."

"Don Allah, ranka ya daɗe. Matata ba ta da lafiya."

"Na sani. Da ka neme ni kafin ka aika. Wallahi da ka neme ni." Ya mayar da tabaransa. "Za ka ga wasiƙa cikin mako. Allah ya buɗa wata ƙofar. Ka gaida mai jiki."

Fuskar ta ɓace. Hambali ya zauna yana kallon hotonsa a gilashin kwamfuta, da babbar riga da hula. Da ya juya, Hureira tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, ta dafa bango. Ta yi digirinta a Zariya, Turanci ba ya wuce ta.

Ya jira ta yi faɗa. Da ta yi, da ya samu abin cewa, da ya ce don ke na yi. Numfashinta kawai ake ji.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, irin bugu ukun da Adnan ke yi.

"Je ka buɗe, Malam," in ji ta.

Ya je. Adnan ne riƙe da kwanon abinci mai zafi, Khaulah a bayansa da Hadiyya a kafaɗa. Yarinyar ta ƙoshi ta yi barci, hannunta ɗaya ya cukuikuye gefen mayafin matar.

"Yaya, ya Abu Hadiyya? An dace?" in ji Adnan. "Tun safe Khaulah take addu'a. Ta ce in an ɗauke ka, ko ina aka kai ku sai kun riƙa turo hoton 'yarta kowace Juma'a."

"Sai an jira wasiƙa," in ji Hambali.

"Za ta zo da alheri, in sha Allahu. Sun tambaye ka mu?"

"Sun tambaya."

"Ka gaya musu dai gida ɗaya muke? In suna son shaida ka ba su lambata. Ni zan faɗa musu kai waye."

Hambali ya kalli kwanon, ya kalli ƙasa.

"Na gaya musu."

Adnan ya ji daɗi har ya manta da dokar nesa da juna, ya rungume shi da hannu ɗaya, ya buga masa baya. Khaulah ta ɓamɓare yatsun Hadiyya daga mayafinta a hankali, ta sumbaci goshinta, ta miƙo masa ita.

Kafin ya karɓa Hureira ta iso. Ta tako falon nan duka ba ta huta ba. Ta ratsa ta gabansa ta karɓi 'yar da kanta, sannan ta kama hannun Khaulah ta riƙe, tana yi mata godiya da guntun Larabcinta, tana maimaitawa, har hawaye ya zubo mata. Khaulah ta ruɗe, ta tambayi mijinta ko jikin ne ya tashi.

"Gajiya ce," in ji Hambali.

Hureira ta juya da Hadiyya ta shige ɗaki ba ta dube shi ba, ta tura ƙofa. Adnan ya danƙa masa kwanon ya ce a ci da zafi, gobe da la'asar a kawo yarinya kamar kullum. Hambali ya ce to.